Shakazobar Bayan Babur: Ko Ta Wannan Tana Shiga Wancan?

A ƙauyuka da yawa a yau babur ya karɓi aikin da jaki ke yi a da. Shi ke kai taki gona, shi ke kwaso amfani zuwa gida, shi ke kai buhu kasuwa. Idan naƙuda ta kama mace cikin dare, a kansa ake ɗora ta zuwa asibiti. Hanyoyin kuwa an san yadda suke: rairayi da gargada a lokacin rani, ramuka da zaizaya a lokacin damina.

A jikin babur babu abin da ke shan wahalar hanya da nauyin kaya kamar shakazobar baya, wadda wasu makanikai ke taƙaitawa su ce "shok". Ita ce ƙarfen nan mai sifirin da ke tsaye a kowane gefe na tayar baya. Idan ta mutu, mai babur yakan tafi kasuwa neman wata. Sau da yawa ba ya samun ta irin babur ɗinsa, ko kuma ya samu amma kuɗinsa bai kai ba. Nan ne mai kaya zai ɗauko wata ya ce, "Ai duk ɗaya ne, ɗauki wannan."

To, gaskiya ne duk ɗaya ne? Amsar ita ce, wani lokaci shakazobar wani babur tana shiga wani ta zauna lafiya lau. Wani lokaci kuma tana shiga amma ta jawo ɓarna, har da haɗari. Awo ne ke raba gardama, kuma awo ne da kowa zai iya yi da kansa.

Aikin da shakazoba ke yi

Abubuwa biyu ne aka haɗa wuri ɗaya. Na farko shi ne sifirin, wato murɗaɗɗen ƙarfen da ake gani daga waje. Shi ke ɗaukar nauyin babur da direba da kaya. Idan taya ta hau dutse sai ya takure, idan ta wuce sai ya miƙe.

Na biyu shi ne bututun da ke cikin sifirin. A cikinsa akwai mai, da sanda mai shiga da fita. A kan sandar akwai ɗan faifai mai ƙananan ramuka. Duk lokacin da sandar ta motsa, dole man ya bi ta waɗannan ramuka, kuma da yake ramukan ƙanana ne, a hankali yake wucewa. Wannan ne ke rage saurin sifirin. Ba don man ba, da babur ya faɗa rami sau ɗaya sai ya yi ta tsalle kamar ƙwallo.

Mutane da yawa suna ɗauka shakazoba don jin daɗin zama aka yi ta. Babban aikinta shi ne ta riƙe tayar baya manne da ƙasa. Tayar da ke tsalle a iska ba ta jin birki, kuma a kwana tana iya zamewa. Saboda haka maganar shakazoba magana ce ta rai, daidai da birki da taya.

Dalilin da ya sa suke kama da juna

Yawancin baburan da ke yawo a karkara 'yan gida kaɗan ne. Kamfanin Honda na ƙasar Japan ya fito da Super Cub a 1958, kuma irin ƙirarsa ce ta baburan da ake kira roba-roba. A tsakiyar shekarun 1970 ya fito da CG125, wanda aka ƙera musamman don ƙasashen da hanya ba ta da kyau kuma gyara ke da wuya. Daga baya kamfanoni masu yawa a ƙasar Sin suka riƙa ƙera babura a kan wannan fasali. Haka ma Jincheng AX100, asalinsa Suzuki AX100 ne. Daga ƙasar Indiya kuma aka sami Bajaj Boxer da TVS HLX, waɗanda 'yan acaɓa suka runguma. A nan gida, kamfanin Honda da ke Ota a Jihar Ogun ya fara fitar da Ace CB125 a 2011.

Duk waɗannan shakazoba biyu gare su a baya, ɗaya dama ɗaya hagu, kuma girmansu bai yi nisa da juna ba. Shi ya sa idan aka jera shakazobinsu a kan tebur, ido ba ya saurin bambanta su. Baburan da suka fito daga tushe ɗaya sukan yi musayar kaya ba matsala. Amma ko a cikin gida ɗaya, kamfani kan canza awo daga wannan ƙira zuwa waccan. Kama da wane ba ta wane. Abubuwa biyar ne ake dubawa kafin a yarda.

Na ɗaya: tsawo

Ana auna tsawon shakazoba ne bayan an kwance ta daga babur, babu nauyi a kanta. A sa tef daga tsakiyar ramin boltin sama zuwa tsakiyar ramin boltin ƙasa. Wasu suna aunawa daga baki zuwa baki, kuma wannan kuskure ne, domin kaurin kawunan ya bambanta. Da milimita ake lissafi. Inci ɗaya milimita 25 ne da 'yan kai. Shakazobin yawancin ƙananan babura tsawonsu tsakanin milimita 300 ne da 350. Abin da ya fi shi ne sabuwa ta yi daidai da ta asali. Idan dole sai an bambanta, kada bambancin ya wuce milimita 10, wato ƙasa da faɗin ɗan yatsa.

Mutum zai ce, me milimita 20 ko 30 za su yi? Shakazoba a karkace take, kuma ba a kan tsakiyar taya daidai aka ɗaura ta ba. Saboda haka ƙarin da aka yi mata, a wurin taya yakan fi haka.

Idan ta yi tsawo, bayan babur yana ɗagawa, gaba ya sunkuya. Kan babur sai ya yi saurin juyawa, kuma a cikin gudu yana iya kaɗawa. Fitila sai ta riƙa haska gindin taya maimakon nesa. Idan aka kafe shi a ƙafar tsakiya, tayar baya ba ta barin ƙasa. Babbar matsalar kuma ita ce sarƙa. Idan babu kowa a kai za a ga sarƙar ta yi sako-sako, sai a ɗaure ta. Da an hau an yi lodi sai ta ɗame ƙwarai. Irin wannan ne ke cinye haƙoran da sarƙa ke bi, ya kashe boris, wani lokaci ma sarƙar ta tsinke ana cikin tafiya.

Idan kuma ta yi gajarta, baya yana zama ƙasa. Taya tana kusantar murfinta, salansa tana gugar ƙasa a rami ko a kwana. Fitila sai ta kalli sama, tana kashe idon masu tahowa. Idan aka kafe shi a ƙafar gefe sai ya tsaya a miƙe, iska kaɗan ko yaro ya taɓa shi ya faɗi.

A duk halin biyu birkin baya yana canzawa. Sandar birki tana tafiya ne tare da cokalin baya, wato ƙarfen nan mai reshe biyu da ke riƙe da taya. Idan tsayuwar cokalin ta canza, birki yana iya yin nisa a ƙafa, ko kuma ya riƙa kamawa da kansa.

Na biyu: kawunan da ramin bolti

Kan shakazoba iri biyu ne. Akwai mai ido, wato zobe zagayayye da roba a ciki. Akwai kuma mai baki biyu kamar gwafa, wanda ke hawa kan wani ɗan ƙarfe a jikin babur, bolti ya ratsa su. Wata ido ne sama da ƙasa, wata ido a sama gwafa a ƙasa. Mai ido ba ta zama a gurbin mai gwafa.

Ko da kawunan iri ɗaya ne, sai an duba ramin. Akwai mai milimita 10, akwai mai 12, akwai mai 14. Idan ramin ya fi boltin faɗi, shakazoba za ta riƙa ƙwanƙwasa, kuma a kwana a tashi sai ta ci boltin har ya karye. Maganin wannan mai sauƙi ne: a sa robar bushin da ɗan bututun ƙarfe da suka yi daidai da boltin. Wasu sababbin shakazobi ma da irin waɗannan suke zuwa a cikin kwali. Amma naɗa gwangwani ko tsumma a kan bolti ba gyara ba ne. Idan kuma ramin ya yi ƙanƙanta, kada a huda idon da injin huji, domin ƙarfen zoben zai sirance ya tsage.

A duba faɗin idon kuma. Idan ya yi siriri, sai a cike gurbin da washa ta yadda shakazobar za ta tsaya a miƙe. Shakazobar da aka ɗaura a karkace, sama ta kalli ciki ƙasa ta kalli waje, sandarta tana gugar gefe ɗaya, kuma ba ta daɗewa take fara zubar da mai.

Na uku: ƙarfin sifirin

Wannan shi ne wanda tef ba ya nunawa, kuma shi aka fi yin kuskure a kai. Kowane kamfani yana zaɓar sifirin ne gwargwadon nauyin babur da aikin da aka nufe shi da shi. Na roba-roba mai laushi ne. Na Boxer kuwa, da yake don ɗaukar mutane da kaya aka yi shi, akwai mai sifirin biyu, ƙarami a cikin babba.

Idan aka sa mai laushi a babur mai ɗaukar buhu, shakazoba tana takurewa har ƙarshe tun kafin a bar ƙofar gida. Duk ramin da aka faɗa sai a ji ƙarfe ya bugi ƙarfe. Wannan bugu yana sauka ne a kan gangar jikin babur, da wayoyin taya, da bayan direba. Daga nan ne ake ganin wayoyi suna tsinkewa, wili yana lanƙwasa, wurin ɗaurin shakazoba yana tsagewa.

Idan kuma aka sa mai tauri a ƙaramin babur, sifirin ba ya motsi. A hanya mai gargada taya sai ta yi ta tsalle, birki bai kamawa sosai, wanda aka goyo kuma ya sauka da ciwon ƙugu.

Ga gwaji mai sauƙi. A kafe babur a ƙafar tsakiya yadda tayar baya za ta bar ƙasa. A auna daga tsakiyar taya zuwa wata alama a kan kariya, a rubuta. Sannan a sauke shi, mai shi ya hau ya zauna kamar yadda ya saba, wani ya riƙe masa, a sake aunawa. Ya kamata baya ya sauka kamar milimita 25 zuwa 35, kusan faɗin yatsu biyu. Idan bai sauka ba sam, sifirin ya yi tauri. Idan ya nutse sosai da mutum ɗaya, ya yi laushi.

A gindin sifirin na shakazobi da yawa akwai zobe mai hawa-hawa, yawanci hawa biyar. Ana murɗa shi sama idan za a yi goyo ko lodi, a sauke shi idan mutum ɗaya ne. Abin da yake yi shi ne ɗaga bayan babur don kada ya fara tafiya a durƙushe. Ba ya mai da sifirin mai laushi ya zama mai ƙarfi. Kuma dole dama da hagu su kasance a hawa ɗaya.

Na huɗu: iyakar takurewa

Shakazobi biyu suna iya zama tsawo ɗaya, amma ɗaya ta fi ɗaya takurewa. A ɗauki misali. Duka biyun milimita 330 ne. Ta asali tana takurewa milimita 70 ta tsaya, sabuwar kuma sai ta kai 90. Wannan ƙarin yana nufin taya za ta ƙara hawa sama fiye da yadda aka tanadar mata. A sama kuwa akwai murfin taya, da kawunan bolti, da wayar fitilar baya. Idan taya ta bugi murfin ana cikin gudu da lodi, tana iya tsayawa cak, babur ya watsar da mutane.

Don haka bayan an ɗaura, mutum biyu manya su hau, su danna baya da ƙarfi sau da yawa, wani ya durƙusa yana kallo. Idan taya ta taɓa wani abu, ko ta kusa taɓawa, wannan shakazoba ba ta wannan babur ba ce. Bayan kwana biyu ana hawa, a leƙa cikin murfin taya. Idan an ga wurin da ya goge yana ƙyalli, alama ce taya tana kaiwa.

Na biyar: kauri

Wata shakazobar ta yi daidai a komai, amma sifirinta ya fi na asali faɗi. Sai ya riƙa gugar murfin sarƙa a hagu, ko salansa a dama, ko ƙarfen kariya. Zafin salansa yana ƙona robar da ke tare mai. Akwai kuma masu ɗan tulu a gefe, wanda ke ɗauke da iskar naitirojin. Irin waɗannan suna bukatar ƙarin fili, kuma ba a huda su, ba a kai su kusa da wuta ko walda, domin iskar a matse take.

Babura masu shakazoba ɗaya

Akwai baburan da shakazobarsu ɗaya ce tak, a tsakiya, ƙarƙashin wurin zama. Kamfanin Yamaha ne ya yi fice da wannan tsari a baburan tsere a 1973, kuma yanzu ana ganinsa a baburan jeji da manyan baburan gari. Sifirinta ya fi na masu biyu ƙarfi nesa ba kusa ba, domin ita kaɗai ke ɗaukar nauyin duka, kuma tana kusa da gindin cokali inda nauyi ke ninkuwa. A wannan tsari bambancin milimita 10 yana iya zama 25 ko 30 a wurin taya. Saboda haka ba a yi mata aro. Ta irin babur ɗin ake nema.

Yadda ake gane ta mutu

Alama ta farko ita ce mai a jikin bututu, ƙura ta manne masa ya yi baƙi. Ta biyu, a danna bayan babur da ƙarfi a saki. Mai lafiya tana dawowa sau ɗaya ta tsaya. Matacciya sai ta yi ta lilo sau biyu ko uku. Sauran alamun su ne ƙwanƙwasa a kan hanya, tsatsa ko lanƙwasa a sanda, babur ya karkata gefe ɗaya, da tayar baya da ke cinyewa tudu da kwari. Wani lokaci robar bushin ce kawai ta mutu. A fara duba ta, domin kuɗinta kaɗan ne.

Idan ɗaya ta mutu, biyun ake canzawa tare. Sabuwa a dama, tsohuwa a hagu, yana murɗa cokalin baya, kuma sabuwar ita kaɗai za ta ɗauki aikin har ta gaji da wuri.

A kasuwa

Wanda zai je saye ya tafi da tsohuwar a hannu. Ya kuma rubuta abu huɗu a takarda: sunan babur da lambar ƙirarsa, tsawon shakazoba, faɗin ramin sama, da faɗin ramin ƙasa. Ana son tsohuwar ta kasance ta asali. Idan babur na hannu ne, mai yiwuwa wanda ya riga ya canza ta, don haka a gwada da ta wani babur irinsa wanda ba a taɓa ba. A wurin mai kaya a jera su gefe da gefe, a zura bolti ɗaya ta idanun sama, a ga ko na ƙasa sun haɗu. A gwada kaurin ƙarfen sifirin da yawan murɗinsa.

Kayan babur da yawa suna shigowa ne ta manyan kasuwanni irin ta Nnewi a Jihar Anambra, kafin su iso Kano da Kaduna da sauran garuruwa. A cikinsu akwai na ainihi, akwai mai matsakaicin kyau, akwai jabu. Suna a jikin kwali ba shaida ba ne. Jabu yawanci ba ta da nauyi a hannu, waldar idonta ba ta da kyau, wata ma man cikinta bai taka kara ya karya ba. Idan ta gwanjo ce, a duba sanda da kyau, a tabbata babu tsatsa, babu alamar mai. A yi sharaɗi da mai kaya tun kafin a biya cewa idan ba ta shiga ba za a dawo da ita. Araha ba ta ado.

Wajen ɗaurawa

A canza ɗaya bayan ɗaya, don kada baya ya rufta. A ɗaura ta yadda kamfani ya nufa, kada a kifa ta, domin irin mai man nan idan aka juya ta sama a ƙasa iska tana gauraya da man, ta daina aiki. A sa notuna da hannu tukuna, a sauke babur ƙasa, mutum ya hau, sannan a ɗaure su da sifana. Yin haka yana hana robar bushin murɗewa ta yage. Bayan nan a sake saita sarƙa da mutum a kai, a bar mata sassauci kamar milimita 20 zuwa 30, ko yadda littafin babur ya faɗa. A saita birkin baya, a duba fitila. Gwajin farko a yi shi a hankali, ba goyo, ba kaya. Bayan mako ɗaya a sake bin notunan.

Akwai dabarun da ya kamata a guje musu: gasa sifirin a wuta don a miƙar da shi, cusa guntayen taya a tsakanin murɗinsa, yanke ido a ƙara tsawo da walda. Wuta tana kashe ƙarfin sifirin, walda kuma tana dafa man da robar da ke ciki. Irin wannan gyara a kan hanya yake tonuwa, kuma da kaya a kai.

Lodi ma da iyakarsa

Ko da an sami shakazobar da ta dace ta kowace fuska, ba za ta ɗauki abin da ya fi ƙarfin babur ba. Buhun masara kilo 100 ne, buhun taki kilo 50, jarkar ruwa mai lita 25 kuma kilo 25. Wanda ya ɗora buhun masara biyu ya hau, ya ɗora wa babur fiye da ninki biyu na nauyin babur ɗin kansa. Sa shakazoba mai ƙarfi ba ya ƙara wa taya ko birki ko gangar jiki ƙarfi. Sawu biyu lafiya sun fi sawu ɗaya da ya ƙare a asibiti. Kaya kuma a matso da su gaba kusa da direba, kada su rataya a ƙarshen kariya.

Saboda haka duk wanda aka ce masa "duk ɗaya ne", sai ya ciro tef da takardarsa. Ya duba tsawo, ya duba kawuna da ramuka, ya duba sifirin, ya duba takurewa, ya duba kauri. Idan biyar ɗin sun yi daidai, ya saya hankali kwance ko da sunan wani babur ne a kwalin. Idan ɗaya ya saɓa, ya haƙura ya jira kasuwa mai zuwa. Allah ya kiyaye hanya, amin.